Mai Igiya, Na Wuya Ko Mai Akwati: Wane Iyafis Ya Dace Da Mai Ƙaramin Ƙarfi A Abuja?

Duk wanda ya shiga Banex a Wuse 2, ko ya ratsa layin masu kayan waya a kasuwar Wuse, yana neman iyafis mai sauƙin kuɗi, iri uku zai tarar a rataye. Akwai mai igiya da ake sokawa a ramin waya. Akwai na rataya a wuya mai aiki da bulutut, wanda kawunansa biyu ke haɗe da juna. Sai kuma 'yan biyun nan masu ɗan akwatin caji, waɗanda kowa ke kira AirPods ko da kamfanin Apple bai san da zamansu ba. Mai shago zai fi tura ka ga na ukun, don shi ake yayi. A ganina kuwa, ga wanda kuɗinsa ƙidayayyu ne, na ukun ne ya fi cancantar a tsare shi da tambayoyi kafin a sa hannu a aljihu.

Amma akwai abin da ya sha gaban wannan rabe-raben gaba ɗaya, kuma shi ne mafi arha a cikin kwalin: 'yar robar da ke bakin iyafis.

Iyafis mai shiga cikin kunne an ƙera shi ne bisa sharaɗin cewa robar za ta toshe ramin kunne ruf. Lasifikar da ke cikinsa 'yar mitsitsiya ce, yawanci faɗinta tsakanin milimita 6 ne zuwa 12, iskar da take turawa ba ta taka kara ta karya ba. Idan ramin a toshe yake, wannan 'yar iskar ta isa ta ba ka bes mai nauyi, wato sautin nan mai kauri irin na babbar ganga. Idan kuwa akwai kafa ko yaya take, ya zama kamar maƙeri na hura wuta da hujajjen zugazugi: aiki ake yi, amma iskar ta bi wata hanya. Bes ne ke fara zurarewa, a bar ka da siririn sauti mai tsini da ke gajiyar da kunne. Da yawa daga masu cewa "wannan ba shi da duka" ba iyafis ɗin ne ya gaza ba, robar ce ba ta kama kunnensu ba.

Kamfanoni kan sako roba girma uku: ƙarama, matsakaiciya da babba. Matsakaiciyar ce ke maƙale tun daga masana'anta, sauran biyun na cikin wata 'yar leda da mutane ke jefarwa tare da kwali. Kar ka jefar. Ka zauna ka gwada dukkansu. Ka kama saman kunnenka da ɗaya hannun ka ɗan ja shi sama, ramin zai miƙe, sai ka tura iyafis ɗin ka ɗan murza. In ya zauna daidai, hayaniyar waje za ta ja da baya tun kafin ka kunna komai, kuma in ka yi magana za ka ji muryarka tana amsawa a cikin kanka. Daga nan ka yi hamma, ka motsa muƙamuƙi kamar mai tauna. In ya saki, robar ta yi maka kaɗan. In kuma bayan rabin awa ramin kunnen ya fara zafi, ta yi maka yawa. Ba abin mamaki ba ne dama ta so matsakaiciya hagu ta so ƙarama, don kunnuwan mutum ɗaya ba lallai su zo daidai ba.

Bayan roba mai santsi da aka saba, akwai ta soso, wadda ake matsewa da yatsu a tura, sannan ta kumbura a hankali ta cika ramin. Ta fi toshe hayaniya, ba ta kuma zamewa da gumi, abin da ke da amfani a zafin Maris da Afrilu na Abuja. Aibinta shi ne tana shan gumi da dattin kunne, ba ta wankuwa da kyau, cikin 'yan watanni sai ta ruɓe a sake wata. Tana kuma ɗan danne kaifin sauti, wanda wani zai so wani ba zai so ba. Ga masu akwati akwai ƙarin matsala: sau da yawa in ka sa musu ta soso, murfin akwatin ya ƙi rufuwa, caji kuma ya ƙi shiga. Ta roba dai a cire a wanke da ruwa da sabulu, a bari ta bushe, a mayar.

Sai jikin iyafis ɗin kansa. Wanda bakinsa ke da kauri zai takura mai ƙaramin rami ko da an sa ƙaramar roba, shi ya sa mata da yara suka fi kokawa da wasu samfura. Mai son kwanciya da gefe yana sauraren karatu har barci ya kwashe shi, siririn nan mai kama da harsashi ne nasa. Mai ƙaton jiki zai tokare tsakanin kunne da matashi.

Akwai mutanen da ko kusa ba sa jure a toshe musu kunne. Suna jin takun ƙafarsu, suna jin haɗiyar yawunsu, abin ya dame su. Su nasu shi ne marar roba, mai zama a bakin kunne kawai, irin EarPods da Apple ya fitar a 2012 da ɗimbin masu kwaikwayonsa. Yana da sauƙin sawa, kunne na shan iska, kuma kana jin abin da ke faruwa a gefenka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tafiya a ƙafa a gefen titin Kubwa ko hanyar filin jirgi, inda motoci ke gudu kamar za su tashi. Amma a cikin bas ɗin Nyanya ba ya tsinana komai. Ƙarar inji da hon da kwandasta duk suna shigowa, sai ka ga yatsanka na ta ƙara sauti ba ka sani ba.

A nan maganar jin daɗi ta haɗu da ta lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraro da ƙara mai yawa. Ma'auninta ga baligi shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako. In ƙarar ta kai desibel 90, lokacin ya dawo awa 4 kacal a mako. Yi lissafin ma'aikacin da ke fitowa daga Mararaba zuwa cikin gari ya koma, awa biyu a hanya kullum in gosulo ya yi sauƙi: awa 10 ke nan a kwana biyar. In yana ƙure ƙara don ya danne hayaniyar mota, tun ranar Talata ya cinye rabonsa na mako. Shawarar hukumar ita ce kar a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura, kuma ba wanda zai iya riƙe wannan a cikin motar haya sai wanda robarsa ta toshe kunne da kyau. Raunin ji irin wannan in ya samu ba ya komawa.

Mai igiya

In sauti kake nema da kuɗi kaɗan, babu gardama, mai igiya ne a gaba. Dalilin a fili yake. Kuɗin da ka biya a mai akwati an raba shi ne tsakanin batir uku, biyu a kawuna ɗaya a akwati, da na'urar bulutut a kowane kai, da makirfo, da maganaɗisu, da 'yan fitilu. Abin da ya rage wa lasifika ɗan kaɗan ne. A mai igiya, kusan duk kuɗin a lasifika da jiki da igiya ya tafi.

Shi ma hawa-hawa ne. Na ƙasa shi ne wanda ake miƙo maka ta tagar mota a gosulo, ba suna ba gida. Araha ba ta ado. Sau da yawa kafin wata ya zagayo kunne ɗaya ya yi shiru. Idan ka lissafa sau nawa za ka sake saye a shekara, ka biya kuɗin mai kyau ba ka taɓa jin mai kyau ba.

Na tsakiya su ne na kamfanonin da aka sani masu sauƙin ƙira: Conch na Oraimo, Tune 110 na JBL, MDR-EX15 na Sony, ErgoFit na Panasonic. Ba su da nauyi, jikinsu ƙarami ne, suna shiga kusan kowane kunne, kuma wajen jin daɗin sawa na tsawon yini har yanzu da wuya a doke su. Oraimo ya fi sauƙin samu a nan, don ɗan gida ɗaya ne da Tecno da Infinix da itel, duk ƙarƙashin kamfanin Transsion na birnin Shenzhen. Raunin wannan aji guda ne: igiyar a manne take. Kuma igiya ce ke fara mutuwa, kusan kullum a gindin kan da ke shiga waya, inda take lanƙwashewa a aljihu. Shi ya sa mai lanƙwasasshen kai, mai siffar kusurwa, ya fi miƙaƙƙe daɗewa ga mai sa waya a aljihun wando.

Aji na uku shi ne wanda mutane da yawa a nan ba su waye da shi ba, kuma shi na fi so a duba. Wasu ƙananan kamfanonin Sin sun shigo da iyafis irin na mawaƙa a kan dandamali, a farashin da bai kai ya kawo ba. KZ ne ya fara yin suna da irin su ZSN Pro da EDX. A 2022 Moondrop ya fitar da Chu a kan kusan dala 20, a shekarar kuma aka ga Salnotes Zero na 7Hz da Wan'er na Tangzu a kusan wannan kuɗin. Chu na farko igiyarsa a manne take, sai Chu II na 2023 ya zo da mai cirewa. Wannan cirewar ita ce babbar riba: igiya na haɗuwa da kai ne ta wasu 'yan allurai biyu, in ta tsinke sai ka sayi wata ka soka, kawunan na nan lafiya. Ka dai lura da irin bakin, don ko a cikin masu allura biyun akwai 'yan bambance-bambance tsakanin kamfanoni. Ana zagaya igiyar ne ta bayan kunne, wanda ke riƙe iyafis ɗin daram, ya kuma kashe ƙarar gogar igiya da riga. Mai tabarau zai ɗan ji cunkoso a bayan kunne, mai ɗaurin kallabi ma haka, sai an saba. Ba kowane shago ke da su ba, galibi sai an yi oda ta intanet, kuma tun da aka saki naira a 2023 farashinsu na bin dala ne, don haka sai ka duba na ranar.

Sautinsu ba ɗaya ba ne, kuma a nan ya kamata mutum ya tambayi kansa me yake saurara. Da yawa daga na KZ an ɗaga musu bes da kaifi, an bar murya a baya. Ga mai jin hip-hop ko kiɗan rawa na zamani, a minti na farko sai ya ji kamar an buɗe masa sabuwar duniya. Amma ga mai sauraren karatun Alƙur'ani, ko tafsiri, ko ƙasida, ko tsofaffin waƙoƙin fada da aka ɗauka da na'urorin da, wannan gyaran bai yi ba: muryar na noƙewa, "s" da "sh" da "ts" kuma suna soka kunne. Zero da Chu na farko sun fi fito da murya fili, bes ɗinsu da sauƙi. Wan'er da Chu II sun ɗan fi kauri. Kalangu da kukuma da gurmi duk a tsakiyar sauti suke zaune, tare da muryar mutum, don haka iyafis ɗin da ya iya murya ya iya su. Kar yawan lasifika ya ruɗe ka. Za ka ga an rubuta biyu, huɗu, har biyar a kowane kunne, an haɗa da wata ƙaramar iri da asalinta ta na'urar taimaka wa masu raunin ji ce. Guda ɗaya da aka daidaita da kyau ta fi biyar da aka cusa don talla, kuma waɗancan ukun na 2022 duk lasifika ɗai-ɗai gare su.

Mai igiya na da wasu amfanoni da ba a cika ambata ba. Ba ya neman caji, ranar da aka kwana biyu ba wuta shi ko a jikinsa. Babu jinkiri tsakanin hoto da sauti. Makirfonsa na rataye kusa da baki, kana iya kamo shi ka matso da shi in kana waya a tashar Berger. Sannan rediyon FM na cikin waya da igiyar yake kama tasha, ita ce eriyarsa. Mai son jin labaran safe ba tare da ya ƙona data ba, bulutut ba zai yi masa wannan aikin ba. In kana son makirfo ka ƙirga zoben da ke kan ƙarfen: uku akwai makirfo, biyu babu. Masu cirewar igiya sau da yawa iri biyu ake sayar da su, mai makirfo da marar makirfo, sai ka faɗi wanda kake so.

Matsalarsa ita ce igiyar kanta, da ke sarƙewa da jakar wani in kana sauka daga bas, da kuma wayoyin da ba su da rami. Apple ya cire ramin tun iPhone 7 a 2016, Samsung ya bi sahu a manyan wayoyinsa daga Note 10 a 2019. Yawancin ƙananan Tecno da Infinix da itel da Redmi na da shi har yanzu. In taka ba ta da shi sai adafta, kuma a nan mutane ke asarar kuɗi. Adaftar USB-C iri biyu ce: wata igiya ce zalla a ciki, wata kuma na ɗauke da 'yar na'urar da ke juya lambobi zuwa sauti, wadda ake rubutawa DAC a kwali. Wayoyin Samsung da Pixel marasa rami ta biyun suke karɓa. Ka gwada a wayarka a gaban mai shago.

Mai akwati

Ba zan raina shi ba. Wanda ya saba da fitar da shi ya sa a kunne ya ci gaba da harkarsa, waya na can cikin jaka, da wuya ya koma wa igiya. Ga mai motsa jiki, ga mai aikin gida, ga wanda wayarsa ba ta da rami, yana da hujjarsa. FreePods na Oraimo, Soundcore na kamfanin Anker, Redmi Buds da QCY duk suna da masu sauƙin kuɗi da ke aiki yadda ya kamata, kuma da yawansu na da manhajar da za ka rage bes ko ka ɗaga murya, wanda ke gyara kaso mai yawa na aibin sautinsu.

Abin da mai shago ba zai gaya maka ba shi ne kwanakinsa ƙidayayyu ne. Batirin da ke kowane kai ƙanƙane ne ainun, yawanci tsakanin mAh 30 zuwa 50, alhali na wayarka na iya kai 5,000. Sabo yakan yi awa huɗu zuwa bakwai. Irin wannan batir ƙarfinsa na raguwa bayan caji 'yan ɗaruruwa, zafi kuma na gaggauta masa tsufa, ga shi an manne shi a ciki ba a canzawa. Mai amfani da shi kullum, bayan shekara biyu ko ƙasa da haka zai ga kunne ɗaya na mutuwa kafin ɗan uwansa. Saboda haka sayen na hannu a wannan aji ganganci ne. Mai igiya na hannu, a sake masa roba ya koma sabo. Mai akwati na hannu, ragowar ran batirin wani ka saya.

Sai ɓacewa. Mu da muke cire abin kunne sau biyar a rana don alwala mun fi kowa sanin wannan. Ka cire, ka ɗora a gwiwa ko ka jefa a aljihun gaban riga, ka sunkuya wanke ƙafa, sai ka ji ƙwal a cikin kwata. In ɗaya ya tafi, ɗayan ya zama maraya, don a masu arha da wuya ka samu guda ɗaya na sayarwa da zai haɗu da naka. Ga mata akwai wata: yawancinsu da taɓawa ake sarrafa su, gyaran hijabi kawai sai waƙa ta tsaya ko kira ya katse. Mai maɓallin dannawa ya fi dacewa da ke, ko wanda manhajarsa ke ba da damar kashe taɓawar.

Haruffan da ke jikin kwali kuma sai an yi hattara. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, wannan yana kashe hayaniya." Duba da kyau: ANC aka rubuta ko ENC? Na farkon ne ke rage hayaniyar da ke shiga kunnenka. Na biyun muryarka yake tacewa don wanda kuke waya da shi ya ji ka sosai, kai ba ya rage maka komai. ANC ɗin ma ƙarfinsa a kan ƙara mai ɗorewa yake, irin rurin janareta ko na jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa. Hon da kukan yaro da surutun fasinja suna wucewa abinsu. Yana kuma cin batir, wasu mutanen ma suna jin kamar an danne musu dodon kunne in an kunna shi. A masu arha sosai, roba mai kamawa da kyau kan yi aikin da ya kusa nasa.

IPX4 na nufin yana jure gumi da fantsamar ruwa, kuma ya isa ga yawancin mutane. IPX7 na jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Harafin X ɗin nan yana nufin ba a gwada shi da ƙura ba. In ka ga IP54 ko IP55, lambar farko ta ƙura ce, abin da ke da ma'ana ga mai yawo a hunturu. Sau da yawa wannan alkawarin na kawunan ne kawai, ban da akwatin.

Maganar hanyoyin da bulutut ke bi wajen aika sauti, SBC da AAC da aptX da LDAC, ba ta cancanci ɓata lokaci ba a wannan farashin. LDAC na Sony na iya kai kilobit 990 a sakan, SBC kuma wajen 328. Amma in waƙar da ke wayarka ta biyo ta hannun mai tura waƙoƙi a kasuwa, ta ratsa Xender da WhatsApp, ta yiwu ko 128 ce. Sauke mai kyau daga Audiomack ko Boomplay ko Spotify zai fi canza abin da kake ji. Abin da ya fi shafar mutane shi ne jinkiri: bulutut na makara da ɗan wani yanki na sakan. A YouTube ba ka lura, don manhajar na daidaitawa, amma mai buga wasan PUBG zai ji harbin bayan ya riga ya faɗi.

Jabu ya fi yawa a wannan aji fiye da sauran. AirPods ɗin da aka ce maka na asali ne a kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na farashinsa ba, ka san amsar. Hoton da ke fitowa a fuskar iPhone in an buɗe akwatin ba shaida ba ce, masu jabu sun daɗe da kwaikwayonsa, har Apple ya sa gargaɗi a iOS 16 a 2022 ga waɗanda waya ta kasa tantancewa. Da jabun babban suna gara na gaskiya na ƙaramin kamfani, ko ba komai akwai inda za ka kai ƙara.

Na wuya

Shi ne wanda aka raina, samari na ganin kamar ya tsufa, amma ga mai doguwar hanya kullum shi zan nuna wa. Batirinsa na cikin abin da ke zagaye wuya, inda akwai fili, saboda haka ya ninka na mai akwati: na kirki kan haura awa 15 a caji ɗaya, wasu ma su zarce haka nesa. Kawunan ba nauyi tunda ba batir a cikinsu, sai su zauna a kunne kamar na mai igiya. In za ka yi alwala, ko kwandasta na magana, ko za ku gaisa da babba, sai ka zare ka saki. Maganaɗisu ya haɗe su a ƙirjinka, ba inda za su. Maɓallansa na dannawa ne, makirfonsa ya fi kusa da baki, kuma yana shigewa ƙarƙashin wuyan kaftani ko hijabi ba wanda ya sani. Jerin Necklace na Oraimo irin wannan ne, Sony da JBL ma na da nasu.

Yana tara gumi a wuya lokacin zafi. Siraran igiyoyin da suka tashi daga wuya zuwa kunne na iya tsinkewa, kuma ba a canza su. Batirinsa shi ma zai tsufa, sai dai da yake ba kullum ake cajinsa ba, ya fi jan zango. Ka duba bakin cajin: wasu tsofaffin samfura har yanzu na da tsohon ƙaramin baki, ga shi wayarka USB-C ce, ka koma yawo da caja biyu.

A wajen saye

Ka je da wayarka da abin da ka saba saurara, wanda ka san kowace gaɓa tasa, har da wani abu mai murya zalla ba kiɗa. Waƙar da mai shago zai sa maka an zaɓo ta ne don bes. Ka rage ƙara ƙasa sosai ka ji ko muryar na tsakiyar kanka ko ta karkata gefe guda. Masu arha kan zo da kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. In mai igiya ne, ka murza kan a cikin ramin, ka lanƙwasa igiyar a hankali, ka saurari ƙarar karce. In na bulutut ne, ka sa wayar a aljihun baya ka ɗan taka ka ji ko yana yankewa, sannan ka kira wani ka tambaye shi yadda yake jin ka a cikin hayaniyar filaza. In na gwaji aka miƙo maka wanda kowa ke sawa, ka goge robar tukuna. Ciwon kunne na bin irin wannan hanyar.

Lambar "20Hz–20kHz" da ke kusan kowane kwali iyakar jin ɗan Adam ce kawai aka kwafa, ba ta gaya maka komai game da daɗin sautin. "9D" da "Super Bass" kuwa ado ne na mai buga kwali. Abin da ya fi su amfani shi ne rasit mai sunan shago da kwanan wata, da kuma ka ji daga bakin mai shagon kwana nawa ya ba ka ka dawo da shi in ya ba da matsala.

In bayan 'yan watanni kunne ɗaya ya yi ƙasa, kar ka yi saurin yanke masa hukunci. A bakin kowane iyafis akwai 'yar raga, kuma dattin kunne da ƙurar hunturu na haɗuwa su liƙe ta. Ka cire robar, ka juya bakin yana kallon ƙasa don dattin ya zubo waje, ka goge da busasshen buroshin haƙori mai laushi. Ban da allura, ban da ruwa. Bayan alwala ka bari kunne ya bushe kafin ka mayar, don danshi ne ke mayar da ƙurar ta zama taɓo. Mai batir kuma kar a bar shi a cikin motar da aka ajiye a rana a sakatariya tun safe har la'asar.